Masu Kallon da Ba Sa Tafi: Bazara a Filayen Lakuros na Maryland

Wanda ya sauka jihar Maryland ta Amurka a watan Yuni ko Yuli ba sai an gaya masa wasan da ke tashe a wurin ba. A bayan motoci zai ga an manna hoton sanduna biyu a gicciye. A gidan mai da wurin cin abinci zai yi ta karo da 'yan mata sun tufke gashi, kowacce da jaka a baya, kan wata sanda mai raga ya leƙo daga ciki. Sunan wasan lakuros. Mu a Kano ko a talabijin ba mu cika ganinsa ba, amma a can akwai gidajen da saboda shi ake tsara hutun shekara, saboda shi kuma ake cin bashi.

Gidan yayana na cikin irin waɗannan gidaje. Na je wurinsa a bazarar 2025 da niyyar hutu da sada zumunci, ashe gida ne da ba a wuni a cikinsa ranar Asabar da Lahadi. 'Yarsa ta fari, mai shekara 16, ta gama aji 10, za ta shiga aji 11 idan an koma makaranta, wato daidai da SS 2 ɗinmu. Wannan hutun da ke tsakanin ajin biyu shi ne wanda iyayen 'yan wasa ke jira tun yaransu na firamare.

"Gwaggo, ki kwanta da wuri," ta ce da ni da Hausarta ta 'yan ƙasar waje. "Wasanmu na farko ƙarfe takwas ne, kuma koci ta ce kowa ya iso kafin bakwai."

Muna idar da sallar asuba aka loda mota da kula cike da ƙanƙara, kujeru masu naɗewa, da wata rumfa da ake harhaɗawa a wurin. A hanya ta yi mini bayanin wasan. 'Yan wasa 12 ne kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Ƙwallon na roba ne mai tauri, ya cika tafin hannu, ana cafe shi da ragar da ke kan sanda, a ruga da shi ana jujjuya sandar don kada ya faɗi, a jefa wa abokiyar wasa ko a wurga cikin raga. Maza suna sa hular kwano da sulke domin ture juna suke yi. Mata kuwa abin da aka wajabta musu shi ne kariyar ido ta ƙarfe da robar da ake cusawa a baki saboda haƙora.

Asalin wasan na 'yan asalin nahiyar ne, musamman al'ummar Haudenosaunee da ke arewacin jihar New York da kudancin Kanada, waɗanda ke ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci, har suna buga shi domin neman lafiya ga mara lafiya. Na mata kuwa ta wata doguwar hanya ya biyo. A makarantar St Leonards ta Sikotland aka fara buga shi a 1890, sannan wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kafa ƙungiyar mata a makarantar Bryn Mawr ta birnin Baltimore a 1926. Tun daga nan yankin ya riƙe wasan bai sake ba. Jami'ar Maryland ta ɗauki kofin ƙasa na hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, har sau 14 tun da aka fara gasar a 1982, bakwai daga ciki a jere, daga 1995 zuwa 2001. Wata makarantar sakandare a bayan garin Baltimore, McDonogh, ta ci wasa 198 ba tare da an doke ta ba, daga 2009 zuwa 2018. Duk wannan 'yar tawa ta haddace shi, ta kuma zuba mini shi kafin mu isa.

Wurin da muka je fili ne na gunduma, filayen wasa jere da juna har iya ganin ido, wasu na ciyawa, wasu na ciyawar roba mai tururin zafi. Wani kamfani mai zaman kansa ne ya shirya taron. Irin wannan taro shi ake kira baje koli, kuma sunan ya dace da shi. Ƙungiyoyi sun zo daga Long Island, Pennsylvania, Virginia, har da Florida da Colorado. Ba ƙungiyoyin makarantu ba ne, kulob-kulob ne da iyaye ke biya. Kowace ƙungiya da shekarar da 'yan cikinta za su gama sakandare ake kiranta. 'Yar yayana 'yar 2027 ce, haka za ki ji uwa tana tambayar uwa: taki 'yar wace shekara ce?

Da ƙarfe takwas aka busa ƙaho guda, dukkan filayen suka fara a lokaci ɗaya. Wasa ba ya kai awa, a sake busa ƙaho, wasu su fita wasu su shiga. Na zauna cikin iyaye ina ta tafi duk lokacin da aka ci, sai na lura matar Yaya ba filin take kallo ba. Idonta yana can ɗaya gefen, inda aka keɓe wuri da igiya.

A can wasu mutane ne zaune kan ƙananan kujeru, yawancinsu mata, da hular hana sallah da baƙin tabarau, kowa da sunan jami'arsa a ƙirjin riga. Waɗannan su ne kociyoyin jami'o'i, kuma saboda su kowa ya baro gidansa. A hannunsu akwai littafi ko ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da sunan kowace yarinya, lambar rigarta, makarantarta da makin karatunta. Ba sa tafi. Ba sa murmushi. A ci ko kada a ci, fuskar ɗaya ce. Wata za ta zo ta zauna minti goma, ta rubuta abu biyu, ta naɗe kujerarta ta wuce fili na gaba, iyaye kuwa su bi ta da ido kamar ta tafi da wani abu nasu.

"Yaya, su waɗannan ba sa gaisuwa ne?" na tambaya.

"Doka ce ta hana su," ya ce. "Ko sun haɗu da ita a layin sayen ruwa, iyakarsu sannu."

Dokar tana da dalili. Kafin 2017 kociyoyi rige-rige suke yi, har ta kai yarinya 'yar shekara 13 ko 14, ba ta ma san sakandare ba, ta yi alkawarin jami'ar da za ta. Kociyoyin da kansu suka ga abin ya wuce gona da iri, ƙungiyoyinsu na maza da na mata suka kai kuka, a watan Afrilun 2017 NCAA ta yanke cewa babu kocin jami'o'in babban rukuni da zai tuntuɓi ɗan wasan lakuros ko iyayensa kan maganar ɗauka sai ranar 1 ga Satumba ta shekarar aji 11. Kallo kawai aka bar musu. Abin ya tuna mini da gidan biki a da, inda iyayen samari ke zuwa su zauna su ƙare wa 'yan mata kallo, su tambayi 'yar gidan wa ce, su tashi ba su ce uffan ba, sai daga baya a ga aike.

Dokar ta ceci ƙananan yara, wannan babu musu. Sai dai ta tattara dukkan fargabar ta zuba cikin makonni kaɗan na bazara ɗaya, wanda ya fi cin ribar hakan kuwa shi ne mai shirya baje koli. Tunda koci ba zai iya bin makarantu dubbai yana kallo ba, ga shi lokacin gasar sakandare shi ma tasa gasar ke gudana, dole ya zo inda aka tara masa ɗaruruwan 'yan wasa wuri guda. Tunda shi yana zuwa, dole uban yarinya ya biya. Ita ma ƙungiyar kociyoyin mata ta jami'o'i, IWLCA, tana da jerin nata gasannin, irin su Champions Cup da Capital Cup a bazara, da Presidents Cup a watan Nuwamba, kuma kulob ɗin da ya san abin da yake yi yana ƙoƙarin samun gurbi a cikinsu.

Daren da ya gabata na ga yadda ake shirin. 'Yar tawa ta zauna a teburin cin abinci tana tura imel ga kociyoyi ɗaya bayan ɗaya: ga sunana, ga lambar rigata, gobe ƙarfe kaza ina fili lamba kaza, ga hoton bidiyon wasannina, ga makin jarrabawata. Ita doka ba ta hana ta rubutawa ba, su aka hana amsawa. Abin da kan dawo mata shi ne takardar gayyata zuwa sansanin horo da jami'ar ke shiryawa, irin wadda ake tura wa kowa, shi ma da kuɗinsa. Haka take rubutu ba ta san ko an karanta ba, da safe kuma ta riƙa leƙen gefen fili ko za ta hango rigar da take fata.

Ita 'yar baya ce, aikinta hana ci. A irin wannan taro matsayin nan ba shi da daɗi, domin ido mai ci yake bi. Na ga yadda son a gani ke lalata wasa. Yarinya za ta karɓi ƙwallo, ga abokiyarta a bakin raga babu kowa a kanta, ta ƙi ba ta, ta kutsa cikin mutum uku ita kaɗai saboda wata koci ta zauna. Kocin kulob ɗinsu, wata doguwar mata mai dasasshiyar murya, ta tara su a inuwa bayan wasan ta wanke su tas. Ta ce musu masu kallon nan sun ga dubun masu ci, abin da suke nema gudu ne, da iya riƙe sanda da hannun hagu kamar na dama, da abin da yarinya ke yi bayan an ƙwace mata ƙwallo, ko ta juya ta bi ko ta tsaya tana kallon alƙalin wasa. Ta ce har yadda kike fita idan an canja ki suna gani, har yadda kike yi wa uwarki magana idan ta miƙo miki ruwa. Wannan na ƙarshen ya yi wa matar Yaya daɗi ƙwarai.

Wata dabara da na lura da ita: 'yan mata da yawa na ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a kai, ruwan hoda ko kore shar, don a bambanta su cikin taro. Tamu ba ta bukatar wannan. Ita kaɗai ce mai hijabin wasa da dogon wando a ƙungiyarsu, a wannan zafi da ke narkar da takalmi. Ta ce a imel ɗinta ma takan rubuta cewa ita ce mai ɗankwali, ba za a ɓata ta ba. Azahar da la'asar a bayan mota muka yi su, tsakanin manyan motoci biyu, kan kwalin ruwan roba.

Da yamma hadari ya haɗo. Aka yi walƙiya ɗaya, ƙaho ya yi kuka mai tsawo, ma'aikata suka bi filaye a 'yan ƙananan motocinsu suna korar kowa zuwa cikin mota. Muka zauna muna jira, da an kusa komawa sai a sake walƙiya, a sake lissafi daga farko. Ƙarshe aka soke wasannin da suka rage. A motar da ke kusa da tamu wata yarinya ta kifa kai a kan gwiwa tana kuka, ubanta ya riƙe sitiyari yana kallon gaba. Daga baya muka ji daga Colorado suka taso, kuma a wasan da aka soke ne ta sa ran kocin da take so za ta zo. Kuɗin jirgi da na otal ba ruwansu da walƙiya.

A hanyar komawa ne na titsiye Yaya da maganar kuɗi, domin ni 'yar kasuwa ce, ba na iya ganin ana kashewa ban tambayi riba ba. Ya lissafa mini kuɗin kulob na shekara, kuɗin sansanonin jami'o'i, kuɗin mai ɗaukar bidiyo, sanda da takalmi, mai da abinci, sai otal, wanda sau da yawa masu shirya gasa ke tilasta wa ƙungiyoyin nesa su sauka a waɗanda suka zaɓa. Dubban daloli ne a shekara, shekara bayan shekara.

"To Yaya, in an ɗauke ta, karatun kyauta ne ke nan?"

Ya yi dariya. Har zuwa shekarar 2025, iyakar abin da aka yarje wa ƙungiyar mata ta babban rukuni shi ne tallafin karatu na mutum 12, a raba wa 'yan wasa da kan haura 30. Yawanci kowa ɗan yanki take samu, ga shi kuɗin shekara a manyan jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 80,000. A watan Yunin 2025 wata kotu a California ta amince da wani sulhu da ya sauya tsarin: jami'ar da ta shiga an ɗage mata wancan iyaka, an kuma ƙayyade mata 'yan wasa 38. Amma izini daban, kuɗi daban, jami'o'i ƙalilan ne za su iya biya wa kowa. Jami'o'in rukuni na uku, waɗanda su ne suka fi yawa, ba sa ba da tallafin wasa ko sisi. Haka ma Harvard, Yale, Princeton da sauran 'yan ƙungiyarsu ta Ivy. 'Yan matan da ke buga wasan a sakandaren Amurka kuwa sun kai wajen 100,000, jami'o'in babban rukuni masu ƙungiyar mata kuma ɗari da 'yan kai ne.

"Ke kuɗi kike lissafi," ya ce, "ni ƙofa nake nema mata."

A nan hujjarsa take, kuma ba ta banza ba ce. Jami'a irin Harvard ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema. Amma idan koci ya sa sunan yarinya cikin waɗanda yake so, kuma makinta ya kai, ofishin ɗaukar ɗalibai da wani ido yake dubanta. Ga baƙo kamar Yaya, wanda ba shi da kaka ko kawu da ya yi makarantar, sandar nan ita ce hanyar da ya gani a buɗe. Babu wanda ke tunanin yarinya za ta ci abinci da lakuros. Digiri ake nema, da mutanen da za ta sani a can.

Na yarda da shi rabi. Rabin da ban yarda ba shi ne yadda ake kiran abin tantance gwanaye, alhali aljihun uba aka fara tantancewa tun kafin a busa ƙaho. Wata rana mun shiga Baltimore cin ƙaguwa, wadda suke barbaɗa wa yajinsu na Old Bay su zube a kan takarda a yi ta fasa da guduma, muka bi ta yammacin birnin, layi-layi na gidajen jan bulo, wasu an toshe tagoginsu da katako. Kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen birnin baƙaƙe ne. A filin baje kolin kuwa, tafiyar da ba ta kai awa ba daga nan, da yatsu nake ƙirga baƙaƙen 'yan mata. Ba don ba su iya ba. Tina Sloan Green, baƙar fata ta farko da ta shugabanci ƙungiyar lakuros ta mata a jami'a, ta kai Jami'ar Temple ga kofin NCAA a 1984 da 1988. Akwai ƙungiyoyin sa kai irin su Harlem Lacrosse da ke ajiye masu horarwa a makarantun gwamnati na unguwannin talakawa, har da na Baltimore. Suna ƙoƙari, amma yarinyar da ba ta je baje koli ba, ko ta fi kowa gudu, babu littafin da sunanta ke ciki.

Kafin in taso mun leƙa garin Sparks, arewa da Baltimore, inda hedikwatar hukumar wasan ta ƙasa take da gidan tarihinta. Na daɗe a gaban tsofaffin sandunan itace da aka lanƙwasa da hannu aka saƙa musu raga da fata. 'Yar tawa kuwa hankalinta na kan hotunan gwanayen zamaninta, tana nuna mini wace ce Charlotte North ta Boston College, wace ce Izzy Scane ta Northwestern, tana kuma tuna mini cewa wasan zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, da mutum shida-shida.

Ranar 1 ga Satumba ina Kano. A can, da lokacin da doka ta tsara ya cika wayoyin 'yan matan da aka fi so ke fara ruri, wasu nan take a gayyace su ziyara, cikin makonni kaɗan su sa hotonsu a Instagram da rigar jami'a. Washegari matar Yaya ta kira ni. Ta ce yarinya ta kwana da waya a hannu, manyan da take mafarki babu wadda ta kira. Da rana saƙo ya shigo daga wata jami'ar babban rukuni da ba ta cikin lissafinta, kocin ta ce ta gan ta a Yuli tana bin 'yar gaba har bayan raga. Akwai kuma wasu na rukuni na uku da tun bazara suke rubuto mata, domin su dokar ba ta ɗaure su ba, ɗaya cikinsu tana da kyakkyawan sashen kimiyya, abin da ubanta ya fi so ke nan.

"Gwaggo, ki sa ni a addu'a," ta ce da aka miƙa mata wayar. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Ko ta amsa wa ɗaya daga cikinsu, alkawarin baki ne, koci na iya canja aiki ko ya canja ra'ayi, ita ma haka. Takardar tallafi ba a sa mata hannu sai a watan Nuwamba na ajin ƙarshe, wato 2026 ga 'yan ajinta. Yaya ya riga ya biya kuɗin kulob na shekara mai zuwa.